Kwana Uku A Zango

 Yau kam ba zancen kishiya zan yi ba, ba kuma na uwar miji ba, na san kunnuwa sun gaji. Labarin wata tukunya zan ba ku, da wurin da ake girka ta, da hanyar da ake bi a isa wurin. Abin da ya tayar mini da zancen shi ne, kwanakin baya ina tsintar shinkafa a tsakar gida sai autata ta ji na ce wa maƙwabciyata, "Ai nan muka yi zango jiya," sai ta ɗago kai ta ce, "Inna, Zango ba sunan unguwa ba ne?" Na yi dariya, amma wallahi dariyar ba ta kai ciki ba. Yarinyar da aka haifa a Ƙauran Namoda, jinin fatake gaba da baya, wai ba ta san zango ba. Da na ce mata to sansani fa, nan take ta ce ta sani, wurin da 'yan gudun hijira ke zama ne.

Mu danginmu kashi uku muke, wasu a Ƙaura, wasu a Shinkafi, wasu a Zurmi. Asalinmu kuwa wuri ɗaya ne, wani ɗan ƙauye a bakin gulbi wanda yanzu ya zama kufai, babu abin da ya rage sai tsamiyoyi da maƙabarta da gonar gado. Kakan mahaifina bafatake ne, a nan yake sauke jakunansa, har ya yi bukka, bukka ta zama gida, gida ya zama gari. Abin da ya watsa garin ba yaƙi ba ne, jirgin ƙasa ne. A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ya biyo ta Gusau ya zo ya tsaya a Ƙaura, nan ne ƙarshensa. Sai ciniki ya juya, gyaɗa da auduga suka zama su ne kuɗi, raƙuma da jakai suka riƙa kwararowa tasha daga ƙasar Zurmi da Shinkafi da Isa. Babban ɗan tsohon ya bi gyaɗa zuwa Ƙaura, shi ne kakana. Na biyu ya bi kasuwar Alhamis ta Shinkafi, ƙaramin ya bi dangin uwarsa Zurmi. Amma sun yi alkawari duk shekara in an gama kaka za a koma kufai a kwana uku, a yi wa magabata addu'a, a raba abin da gonar gado ta bayar, a ga juna.

Zuwana na farko a 1987 ne, ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Tun ana saura mako guda gidanmu ya rikice da daka. Iya, wato kakata ta wajen uba, ita ce uwar tafiya, kuma ba ta yarda da "a saya a can" ba. Garin tuwo buhu biyu, gero na fura, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kanwa, gishiri, barkono, man gyaɗa cikin galan, man shanu cikin ƙwarya an ɗaure bakinta da tsumma. Ga hoce da dakuwa da ƙuli-ƙuli saboda yara a hanya. Ga tabarmi, ga barguna don lokacin sanyi ne, ga fitilun ƙwai da kwalbar kananzir. Can saman kaya kuma tukunyar nan, ta ƙarfe ce mai kunnuwa biyu, sai mata biyu sun kama ake sauke ta daga murhu, kwano goma na gari take ci ba ta ji ba.

Da asuba a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Maza a kan kaya, mata da yara a tsakiya, Iya a gaba kusa da direba tana jan carbi tana yi masa faɗa kan gudu. Muka bi hanyar Shinkafi, hazo ya rufe gabas, leɓuna duk sun tsage. A wajen Moriki muka sauka daga kwalta, inda amalanken shanu biyu ke jiranmu. Daga nan kaya da tsofaffi suka hau, mu sauran muka taka sayyada, tafiyar kamar awa biyu cikin gonakin da aka girbe. Ni da na taso a gari ina taƙama da takalmin roba, ƙarangiya ta koya mini hankali tun kafin a yi rabi.

Abin da ya ba ni mamaki da muka isa shi ne, babu wanda ya zauna. Ni na zaci za a shimfiɗa tabarma a huta. Ina! Iya ko mayafi ba ta cire ba ta ja mata huɗu da ƙorai suka gangara gulbi. Gulbin ya ƙafe, sai yashi fari fat. Ta dudduba, ta nuna wata kwana inda yashin ya ɗan yi duhu ta ce a tona. Ba a kai tsawon hannu ba sai ga ruwa yana tsattsafowa. Aka kwashe na farko aka zubar, aka bar na biyu ya kwanta. Sannan ta juyo ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyag ga, duba da kyau. Ba a kahwa zango sai an biɗi ruwa." Sai da tuluna suka cika ta ba maza izinin kafa bukkoki.

Shi ma kafin bukka da ƙa'idarsa. Iskar hunturu daga gabas maso arewa take busowa, saboda haka murhu can yamma maso kudu ake girka shi, yadda hayaƙi da tartsatsi za su bar bukkokin kara a baya. Sashen mata a kewaye shi da zana, ƙofarsa ta ba iska baya. Makewayi ya fi komai nisa, kuma ba ya kallon wajen ruwa. Shanu da jakai a ɗaure su inda mai gadi zai ji motsinsu. Itace busasshe kawai ake tsinta, wanda ya sa gatari a jikin tsamiya ya shiga uku da Iya. Kafin la'asar mutanen Shinkafi suka iso, na Zurmi sai dab da magariba, kowa ya tarar an bar masa gurbinsa daidai inda iyayensa suka saba sauka. Mun kai mutum ɗari da wani abu a daren nan.

Akwai wata doka da na daɗe ban gane hikimarta ba. Kafin a ɗora tukunya, sai an tashi dattijai biyu su je ƙauyen da ke kusa su gai da mai gari da goro da gishiri. Kuma duk kwana ukun ba a roƙon komai a ƙauyen, ko da allura ce. Matan Fulanin rugar da ke ƙetaren gulbi suna kawo nono da sassafe, a auna masu gero, ba bashi ba kyauta. Ranar tashi kuma duk abin da ya rage na gari da mai a bar wa mutanen ƙauye. Iya takan ce, "Wanda yaz zo da bakinai, shi zo da guzurinai."

Sai da na yi karatu na zama malamar firamare, na fara leƙa littattafan tarihi, sannan na gane ashe dokar Iya tsohon darasi ce da ƙasar nan ta saya da tsada. A 1805, lokacin jihadi, yunwa ta matsa wa jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, suka taso suka sauka a Sabon Gari cikin ƙasar Zamfara. Zamfarawa da yawa sun karɓe su hannu bibbiyu, don Shehu ya yi shekaru yana wa'azi a cikinsu tun kafin yaƙi, kuma su ma suna da tsohon ciwon Gobirawa da suka ci birninsu. Amma taro mai yawa ciki ne da shi. Masu tarihi sun rubuta cewa neman abincin da mayaƙa suka riƙa yi a garuruwan mutane yana cikin abin da ya ɓata tsakani, har wasu da suka yi maraba suka juya baya. Kin ji fa, 'yar'uwa. Ba aƙida ce ta fara raba su ba, rumbu ne.

A ranin da ya biyo baya, wato ƙarshen 1805 zuwa farkon 1806, aka yi babban taro a Birnin Gada, nan ma ƙasar Zamfara. Shugabannin jama'a daga Katsina da Kano da Daura da Zamfara suka yi tattaki suka haɗu. Shehu bai samu zuwa ba, ɗansa Muhammadu Bello ya wakilce shi, ya isar da saƙonsa, aka yi mubaya'a. Littattafai sun kawo sunayen manyan da suka halarta. Ni kuwa duk lokacin da na karanta wurin nan sai in ajiye littafin in ce, to wa ya tona yashi? Wa ya daka, wa ya tuƙa? Mutanen da suka yi kwanaki a kan doki ba iska suka sha ba. Ba a rubuta ko mace ɗaya ba, amma ni da na ga abin da ciyar da mutum ɗari kwana uku ke ci, ba sai an gaya mini suna wurin ba.

Shi kansa garinmu, abin da muka tashi muka ji a gida shi ne sunansa ya faɗi asalinsa, wato wurin da Namoda ya ƙaura ya kafa. Namoda jarumi ne daga Fulanin Alibawa na Zurmi, yana cikin manyan da suka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, kuma wajen 1810 ya rasu a yaƙin Kiyawa. Shi ya sa har yau sarautar Ƙaura ake ce mata Sarkin Kiyawa. Kenan mu da mutanen Zurmi tun asali abu guda ne, ko da yake in kin ji yadda gwaggonnina na can ke yi mana gorin wai mu 'yan tasha ne, sai ki rantse ba mu haɗa komai ba.

Hatta Turawan farko da suka ratsa ƙasar nan, zango-zango suka bi. Clapperton, mutumin Birtaniya, ya sauka Zurmi a 1824, ya kuma rubuta wata magana a kan mutanen garin wadda ba zan maimaita ba, don ina son in ci gaba da cin tuwon gwaggonnina. Bayansa, a watan Maris na 1853, Barth Bajamushe, wanda ke kiran kansa Abdulkarim, ya taso daga Katsina cikin ayari, ya bi ta Zurmi da Dutsi da Badarawa ta ƙasar Shinkafi ta yanzu, ya kai wani wuri da a lokacin ake kira Sansanin Isa. Ku lura da sunan, gari ne sukutum amma sansani ake ce masa. Daga nan sai dajin Gundumi, wanda saboda tsoron mahara ba a yada zango a cikinsa. Awa 26 suka yi suna tafiya ba tsayawa, mutane da dabbobi suna faɗuwa don ƙishi da gajiya, kafin su fita su tarar da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a nasa sansanin a Gawasu. Da na fara karanta wannan a shekarun baya, tausayi na ji irin na wanda ke cikin inuwa. Na ce Allah sarki mutanen da, wai a ce akwai dajin da ba a iya kwana a cikinsa.

Su kuwa fatake irin kakan mahaifina, zango shi ne rabin sana'arsu. Ayari yana da madugu, yana da jagaba mai shigewa gaba ya duba hanya da masauki, yana da uban dawaki. Tafiyar Gwanja sayen goro watanni take ci, kuma akwai mata a cikin ayarin, su ke girki, wasu ma sana'arsu kenan, su dafa su sayar wa 'yan ayari. Inda aka saba sauka yau da gobe sai ya zama gari. Shi ya sa za ki ji Zangon Daura, ki ji Zangon Katab, har can ƙasar Gana unguwannin Hausawa a Kumasi da Ankara zango ake ce masu. Saboda haka autata ba ta yi ƙarya ba da ta ce sunan unguwa ne, ƙarshen labarin kawai ta riska. Kada kuma a ce mata ba su taɓa yin ayarin kansu ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, inda mata ke tasowa daga ƙauyuka ƙungiya-ƙungiya a ƙarƙashin jaji mai malfa, su yi tafiyar ƙasa da guzurinsu su je ɗaukar karatu su komo su koyar.

Bari in komo kufanmu, don akwai shekarar da ba na mantawa, 1994, ina amarya. A shekarar rigima ta ɓarke tsakanin baffana na Shinkafi da na Zurmi kan gonar gado. Ɗaya ya ce shi ya biya kuɗin noma da taki don haka kasonsa ya fi, ɗayan ya ce gado ba a sayen sa da taki. Tun a daren farko ba su yi wa juna sallama ba, 'ya'yansu ma kowa ya ja tabarmarsa gefe. Da safe aka zauna gindin tsamiya, maimakon sulhu sai murya ta yi sama, har na Zurmi ya ce a ɗaura wa jakunansa kaya, shi da wurin nan har abada.

Iya na zaune a bakin murhu, lokacin ta tsufa ƙwarai, ido ya fara rauni. Ba ta ce uffan ba. Ta sa aka sauke tukunyar daga wuta, ruwan tuwo yana tafasa, ta sa aka janye itacen aka yayyafa masa ruwa. Ta ce a dama wa yara fura, su ba ruwansu. Azahar ta yi, babu tuwo. La'asar ta yi, babu hayaƙi. Mahaifina ya zo bakin zana ya durƙusa ya ce, "Iya, lafiya?" Ta ce, "Lahiya lau. Ka gaya ma ƙannenka, babu mai cin tuwona shina gaba da ɗan'uwanai. In sun shirya, wuta ba ta da wuyar hurawa." Wata matar baffana ta so ta ɗora 'yar tukunyarta a ɓoye, sauran mata suka yi mata caa, ta mayar.

Ku kuwa kun san namiji da yunwa, balle ga sanyi, balle a daji inda babu mai tsire babu mai shayi. Ana kiran magariba sai ga su nan su biyu, mahaifina a tsakiya, kowa yana kallon ƙasa. An yanke cewa a fara cire wa na Shinkafi abin da ya kashe, saura a raba daidai, maganar da tun safe wani dattijo ya faɗa aka ƙi ji. Sai bayan isha aka ci tuwo a daren nan, kuma ni dai ban taɓa cin miyar kuka mai daɗinta ba. A wannan zaman ne ma aka yi maganar auren ɗiyar na Zurmi da ɗan na Shinkafi, yanzu suna da jikoki. Iya ta rasu bayan shekara uku, tukunyar ta dawo hannun mahaifiyata, daga baya ta dawo nawa.

Zuwanmu na ƙarshe a 2012 ne. Tun a lokacin an fara jin satar shanu da fashi a dazuzzukan Zamfara, har a shekarar maza suka kwana suna gadi bi da bi, matan rugar nan kuma ba su kawo nono ba, aka ce an kore masu shanu sun tashi. Da kaka ta zagayo sai mai garin ƙauyen ya aiko cewa don Allah kada mu zo bana. Muka ce to, baɗi. Baɗin nan har yau ba ta zo ba. A watan Mayu na 2019 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yanmata ta Moriki, garin da muke sauka daga mota, cikin waɗanda suka tafi da su har da mata masu dafa wa ɗalibai abinci. A shekarar dubban mutane daga wannan yanki suka tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi ta Nijar. A Satumbar 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako, har da ta Alhamis a Shinkafi, aka kuma katse layukan waya, muka yi makonni ban san ko gwaggonnina na raye ba. A lokacin na sake ɗauko labarin dajin Gundumi na karanta, ban kuma ji tausayin mutanen da ba.

Cikin wannan shekarar ne aka ce mini mutanen ƙauyen nan da muke kai wa goro da gishiri sun taso gaba ɗaya, suna wani ginin da ba a ƙarasa ba a bayan gari nan Ƙaura. Na auni gari da kuka da ɗan mai, na ce wa autata ta ɗauko mini, muka tafi. Abin da na tarar ya sa na tsaya a bakin wurin na kasa shiga. Mutanen da suka gudo cikin dare, wasu ko takalmi babu, amma ga jarkokin ruwa an jera a inuwa an rufe, ga sashen mata an kewaye da tsofaffin buhuna ƙofar ta ba iska baya, ga duwatsun murhu can yamma, ga makewayi nesa. Wata tsohuwa ta ƙura mini ido ta ce, "Ke ba jikar mai babbar tukunya ba ta?" Na ce ni ce, Inna. Ta kama hannuna ta ce sun kai mutum tamanin, kuma da 'yan tukwane uku suke girki, sai an sauke a sake ɗorawa, yara na kuka kafin a kai kansu.

Washegari na sa almajirai biyu suka ciro tukunyar daga ɗakin ajiya, muka wanke ƙurar shekara tara, aka ɗora ta a baro. Maigidana ya ce in rubuta sunana a gindinta da fenti don kada ta ɓata, na ce bar shi, duk wanda ke wurin ya san ta. Daga baya wasunsu sun kama haya a cikin gari, wasu sun wuce Gusau, tsohuwar kuma ta bi ɗanta zuwa Shinkafi da tukunyar. Ta aiko mini da saƙo ta bakin wani direba cewa tana nan lafiya, kunne ɗaya ne ya ɗan tsage an kai wa maƙeri ya gyara, kuma in na tashi bukata in aiko. Na ce ya gaya mata ta riƙe tukuna, mu nan gidan mu bakwai ne.